Gaisuwar Cuku a Gindin Dutsen Uhudu

Tun da na dawo daga Umra ban huta da tambaya ba. Wanda ya zo karɓar dabino da zamzam sai ya gyara zama ya ce, "Hajiya Rabi, yaya ƙasar take?" In na ce lafiya lau sai a ce ba a yarda ba, wai fuskata ba ta yi kama da ta wadda ta dawo daga ziyarar Manzo ba. Ƙawayena na Islamiyya su suka fi matsa mini, har Malama Ladi ta ce ko kuɗina aka yanke a ɗawafi. Wa ya isa? Ni da nake ɗaure lalitata ƙarƙashin zane biyu. Abin da ya same ni daban ne, kuma tunda kun nace, bari in zauna in ba ku shi daga tushe.

Sai na fara da yayata Hadiza, don daga wajenta abin ya faro. Yaya ta yi aure a Damargu, can cikin Nijar, inda ta koyi yin cuku wajen matan Buzaye. Da mijinta ya rasu ta dawo Maigatari da 'ya'yanta da 'yan shanunta. Ga wanda bai san cuku ba, ɗanyar madara ce da ɗuminta ake sa wa ɗan tsami daga cikin ɗan akuya ta daskare, a shimfiɗa ta a kan 'yar tabarmar kara ta tsane, a shanya a rana har ta bushe falle-falle da zanen tabarmar a jiki. Ana ci da shayi, ana dakawa a fura. Na Yaya kuwa, ba don 'yar'uwata ce ba, har daga nan Gumel ake aikawa a saya.

Ɗanta na fari, Habibu, ya kwana biyu a Madina yana tsaron shagon kayan masarufi a wajen Uhudu, irin wanda suke kira baƙala. Shi ke riƙe da gidan: abincinsu, makarantar ƙannensa, maganin hawan jinin Yaya. Zamansa a ƙasar kuwa a hannun mai shagon yake, wani Bahaushe haifaffen can da ake kira Ammu Salihu, wanda kakanninsa suka taka da ƙafa daga ƙasar Hausa suka zauna. Takardar zaman Habibu, iƙama, ta kusa ƙarewa. In maigidan ya ga dama ya sabunta, in bai ga dama ba, sai gida.

Ana gab da tafiyata Yaya ta iso Gumel da kwali a ka. Ta sauke a gabana ta ce, "Rabi, wannan na ubangidan yaron nan ne." Ba ta kama sunan Habibu, kun san ɗan fari. "Mutum ya riƙe mini ɗa shekara da shekaru, ban taɓa aika masa ko ƙwayar gero ba. Hannu da hannu za ki ba shi. Kada ki ba yaron ya kai, kin san yaran yanzu."

Na ce, "Na sani, Yaya." Kuma da gaske na ɗauka na sani.

Daga Gumel zuwa Kano a kan cinyata kwalin ya yi tafiya. Direba ya yi juyin duniya in sa shi a but ɗin mota, na ƙi, don tun a tasha na ga yana buɗe hanci yana waige-waige. A masauki na kwashe cukun na naɗe shi a tsabtataccen zane, na tura tsakanin kayana a akwati. A filin jirgi wakilin kamfanin da ya shirya mana tafiya ya hau kan benci yana ta jan kunne kan goro, wai duk wadda aka kama da shi ita ta sani. Bai ambaci cuku ba, ni ma ban tsokano ba. Muna cikin layi wata mata mai yawan fara'a ta matso, ta yaba mayafina, ta tambayi jikokina, sannan ta fito da ƙulli ta ce in taimaka in riƙe mata ɗan yaji zuwa Jidda. Na ce, "Baiwar Allah, ko allura ce ba zan riƙe ba." Ta ce ai ba ta san haka nake ba. Na ce to yau ta sani. Fara'ar da ta wuce kima a filin jirgi ba ta banza ba ce.

A Jidda muka sauka sanye da harami, ƙafafu a kumbure. Aka tura akwatuna cikin na'ura, nawa ya fito, wani matashin jami'i ya ɗaga hannu ya ce a buɗe. Na buɗe. Ya zaro falle ɗaya ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce, ya ce wani abu da Larabci. Ni ba na jin Larabci, ga shi ina cikin harami ba halin ƙarya. Sai wata Hajiya Lami, 'yar Kano da ke bayana, wadda ta sha zuwa, ta leƙo ta ce masa, "Akil, akil," wato abinci ne. Ya dubi layin tsofaffin da ke bayanmu har ƙofa, ya mayar da fallen ya ce, "Yalla, ya Hajja." Na yi wa Hajiya Lami godiya, amma a raina na ce wannan ta ga abin da ke akwatina, sai na sa mata ido.

Aka kuwa haɗa mu ɗaki ɗaya a Makka, mu huɗu. Ba zan tsaya ba ku labarin Ka'aba ba, wanda ya gani ya gani, ni dai na yi kuka har mayafina ya jiƙe, na yi wa kowaccenku addu'a da sunanta. Amma da mun dawo masauki sai rigimar akwati. Sanyin na'urar ɗakin nan bai hana cuku yin halinsa ba. Hajiya Lami ta ce, "Hajiya Rabi, wai akuya kika zo da ita ne?" Sauran suka fashe da dariya. Ta ce in ɗan gutsura musu su sha shayi, na ce amana ce. Daga ranar na sayi ɗan kwaɗo na garƙame akwatin, makullin yana wuyana har wanka. Ban taɓa kama ta da komai ba, gaskiya, amma na lura duk lokacin da na shigo ɗaki tana kusa da gadona.

Da muka gama Umra aka loda mu a doguwar mota zuwa Madina. Hanya ce shimfiɗaɗɗiya, ba rami, ba mai tare ka ya ce a ba shi na goro, sai duwatsu baƙaƙe da raƙuma jefi-jefi. Direbanmu ɗan Sudan ne, yana jin Hausa irin tasu mai ja. Da muka tsaya cin abinci ya kawo mana shinkafa a babban faranti da rabin kaza a kai, da nono a 'yan robobi da suke kira laban. Na ɗauki ɗaya zan buɗe, sai ya karɓa ya duba gindinta ya mayar mini ya ce, "Da saura, sha." Na ce saura me? Ya nuna mini rubutu. Ashe a ƙasar nan komai na ci da ranar mutuwarsa a rubuce a jikinsa, nono, burodi, har ruwan sha. Na ce masa a garinmu 'yar Fulani za ta sauke ƙwarya, ki sa ludayi ki ɗanɗana, harshenki ne zai gaya miki na yau ne ko na jiya. Ya yi dariya ya ce, "A nan harshe ba ya shaida, Hajja. Ki ga makiyayin can da raƙumansa? In ya tatsa ya sayar miki a bakin titi, aka gan shi, ya shiga uku." Na ɗauka irin zuƙin direbobi ne. Nonon kuwa ba laifi, sai dai ba shi da ƙanshin komai.

Masaukinmu a Madina yana kusa da Masallaci, ɗan taku kaɗan ka shiga farfajiya. Garin akwai natsuwa, ko mai saurin fushi irina sai ya ji ya yi laushi. Da safe muna cin wani faffaɗan burodi mai zafi da dakakken wake da man zaitun, da shayi mai na'ana'a. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne masu sayar da abincin, kowa da safar hannu, kowa da hular leda a ka, kamar za su yi wa mutum tiyata. Kuma ko'ina ka ɗaga kai akwai idon kyamara yana kallonka. Ni da nake zargin mutane, sai na tarar da garin da bango ma zargi yake yi.

Washegari da la'asar Habibu ya zo. Ya yi ƙiba, ya yi haske, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni a gaban mutane, na ji daɗi. Muka zauna a falon masauki muka taɓa hirar gida. Sannan na hau na sauko da ƙullin, na ɗan buɗe bakinsa. Ina tsammanin yaro zai yi tsalle, sai na ga ya dubi hagu ya dubi dama ya sa hannu ya rufe.

"Inna, cuku ne? Yaya aka yi kika shigo da shi?"

"Da ƙafata na shigo da shi. Na ubangidanka ne, uwarka ta ce hannu da hannu. Gobe ka kai ni shagon."

"Shago? La, la, Inna, wallahi mamnu'u ne. An hana."

"An hana gaisuwa?"

Ya sassauta murya ya shiga yi mini bayani. Wai duk abin da aka yi da madara, kafin ya shiga shago sai an dafa madarar a masana'anta mai lasisi, an rufe shi a leda, an rubuta sunan mai yi da ranar lalacewa, an ajiye a firji. Wai akwai wani zazzaɓi da ake ɗauka a ɗanyar madara, suna ce masa na Malta, yana kwantar da mutum wata da watanni. Ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, suna zagayawa ba sanarwa, in suka ga abu ba takarda a kan kanta sai tara, ko su rufe shagon. "Ni kuma baƙo ne, Inna," in ji shi. "In aka ce ina sayar da kayan kaina a shagon mutum, khalas, tawa ta ƙare. Ki bari Ammu ya dawo daga Jidda, ran Juma'a in kai ki gidansa. A gida ba mushkila."

Na ce, "Mu da muka girma a kan cuku, wa ka ga Malta ta kashe?"

Ya ce, "Inna, ki dai bari sai Juma'a. Ko ki ba ni in ajiye a ɗakina."

A nan zargi ya shige ni. Ki ba ni in ajiye. Na dubi agogon hannunsa, na dubi takalminsa, na tuna maganar Yaya. Ran Asabar za mu tashi, shi kuma ya ce Juma'a, in Juma'ar ta zo ya ce maigida bai dawo ba fa? Zuciyata ta raba abin gida biyu: ko dai yaron nan kunyar abincin uwarsa yake ji a gaban masu jallabiya, ko kuwa ya san 'yan Nijar da ke garin za su saya da tsada, yana so ya karkatar. Na naɗe ƙullina na ce Allah ya kai mu. Kafin ya tafi wayarsa ta yi ƙara, na ji yana cewa, "Tayyib, Ammu, Laraba kafin azahar." Na yi kamar ban ji ba. Abin da babba ya hango, na ce a raina, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Ran Laraba aka kai ayarinmu ziyara Uhudu. Muka yi wa shahidai sallama, masu ƙarfi suka hau ɗan tudun maharba, ni na ce gwiwata ba za ta iya ba. Na zame da ƙullina da wani farantin silba da na saya musamman, na bi layin masu dabino da tasbaha ina tambaya har na gano shagon. A wajenmu shagon ɗan kasuwa ai shi ne zaurensa, a nan ake samunsa, a nan ake kai masa gaisuwa kowa ya gani ya san an girmama shi. Na tarar Habibu yana sauke katan-katan na ruwa daga wata mota. Na wuce ciki, na jera cukun a faranti, na rufe da kyalle, na ɗora a kan kanta kusa da injin kuɗi, na ja kujera na zauna jiran maigida.

Habibu ya shigo da katan a kafaɗa, ya gani, ya kusa sakinsa. "Inna! Don girman Allah ki ɗauke!"

"Ka yi aikinka. Ubangidanka nake jira."

Mai motar ya danna oda a waje yana ta masifa, Habibu ya fita da gudu yana waiwayena. Shagon da ke kallon namu na wani mai dabino ne, siriri mai ɗan gemu, tun da na zauna idonsa yake kaina, waya a hannu.

Ana haka sai ga wasu dattawa 'yan Nijar sun shigo sayen ruwa. Na gabansu, tsoho mai rawani, ya tsaya cak ya shaƙi iska. Ya ɗaga gefen kyallen da yatsa, sai ya yi salati. "Cuku! A Madina! Hajiya, daga ina?" Na ce daga hannun yayata. Ya ce shi mutumin Tanut ne, tun da ya baro gida cikinsa bai karɓi abincin ƙasar nan ba. Ku gaya mini, a garin Manzo, tsoho ya dube ki haka, ki hana shi? Na zari falle ɗaya na ba shi, na ce sadaka. Ya sa hannu a aljihu ya ajiye 'yar takardar riyal a kan faranti ya ce tukuici. Na ce ya ɗauke, ya ce ai ba a mayar da tukuici. Na bayansa ma ya miƙo hannu, ya ajiye nasa. Kafin in ankara an kira na waje, mata da maza sun cika ƙofa, kowa yana "Hajiya, ni ma." Habibu ya kutso yana cewa, "Ba na sayarwa ba ne, jama'a!" Wata tsohuwa ta ɗauka shi ne mai kaya, ta kama hannunsa ta cusa masa kuɗi ta dunƙule, ta ɗauki falle ta fice.

Yana tsaye da kuɗin a hannu mutum biyu suka shigo, sanye da 'yar shara mai tambarin baladiyya a kan fararen riguna. Jama'a suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Ba su yi tsawa ba, har sallama suka yi. Babban ya sa safar hannu ya ɗaga falle yana tambayar Habibu da Larabci, Habibu yana amsawa. Ƙaramin, baƙin saurayi mai tabarau, yana ta ɗaukar hoto. Na ce wa Habibu, "Me yake cewa?"

"Yana tambaya ko an dafa madarar. Inna, ki yi shiru, zan amsa."

Raina ya ɓaci, a ce ana tuhumar aikin Yaya ina zaune. Na miƙe na ce, "Dafawa? Wa ya taɓa dafa madarar cuku? Ka gaya masa ɗanya ce, daga nonon saniya sai tabarma, ko wuta ba ta gani ba. Shi ya sa ya fi nasu na leda!"

Habibu ya runtse ido. Saurayin mai tabarau ya sauke wayarsa ya dube ni, ya ce cikin wata Hausa mai nauyi, "Na ji, Hajja. Shukran." Ya juya ya fassara wa babban. Ashe ɗan Hausawan garin ne.

Suka juye cukun Yaya a baƙar leda suka ɗaure, har da wanda ya rage a zane. Suka fitar da mu, aka ja ƙofa, suka manna wata takarda a kai. Mai dabino yana tsaye a bakin shagonsa yana gyara kwali kamar ba shi a wurin. Har gobe ina zarginsa, ko da yake Habibu ya ce ranar zagayensu ce kawai, sun shiga shaguna uku kafin namu. Ammu Salihu ya iso ana kiran azahar, dogo, furfura a gemu. Ya karanta takardar, ya dubi Habibu, bai dube ni ba, ya koma motarsa.

Ran Juma'a bayan la'asar na sa Habibu ya kai ni gidan Ammu Salihu a unguwar Khalidiyya, hannu wofi. Habibu ya tsaya a waje. Matar gidan ta karɓe ni da gahawa da dabino, 'ya'yanta mata suna gaishe ni da Larabci ina amsawa da Hausa. Da maigidan ya shigo ya zauna daga bakin ƙofa, na zube masa komai, tun daga kwalin Yaya har hannun tsohuwar nan. Na ce laifin nawa ne, yaro ya hana ni har sau biyu.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Ya Hajja, cuku na san shi. Kakata tana ba mu labarinsa har ta rasu, ban taɓa sa shi a baki ba. Da nan kika kawo, wallahi da hannu biyu zan karɓa, ko da zan sa a gasa shi kafin yara su ci. Ƙanena ya sha ɗanyen nonon raƙumi a hanya, ya yi kusan shekara bayansa bai miƙe ba. Dokar nan ba don wulaƙanci aka yi ta ba."

Na ce, "Na ji, Alhaji. A yafe wa yaro."

"Tarar na biya, shago za a buɗe. Ba wannan ba ne." Ya fito da waya ya nuna mini hoton kyamarar shagon: ga faranti kusa da inji, ga riyal a kai, ga Habibu da kuɗi a hannu. "Na kalla ya fi a ƙirga. Tukuici na san shi, mu ma muna yi. Na yarda da maganarki. Amma tun shekaranjiya nake tambayar kaina, sau nawa aka yi irin wannan ina Jidda? Wataƙila ba a taɓa ba. Amma tambayar ta riga ta shiga, ya Hajja, kuma ni ba na barin makulli a hannun wanda nake tambaya a kansa. Zai cika watanninsa, in ba shi haƙƙinsa cif, in saya masa tikiti. Iƙama ba zan sabunta ba."

Na ce, "Alhaji, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya."

Ya ce, "Sahih," wato gaskiya ne. Ni ma da na ji abin da ya fito daga bakina sai na kasa ɗaga ido. Na roƙe shi, matarsa ta taya ni, har na yi abin da ban taɓa yi wa namijin da ba mijina ba, na durƙusa. Ya ce in tashi don Allah, ya sa aka cika mini leda da dabino mai tsada, ya ce a kai wa mahaifiyar yaro, a ce ya gode.

Ran Asabar Habibu ya zo rakiya. Shi ya ɗaukar mini akwati har cikin mota, ya samo mini kujerar taga, ya sayo mini ruwa da burodi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Hajiya Lami, wadda na yi ta garƙame wa akwati, ita ta riƙe hannuna tana ba ni baki. Mota na shirin tashi ya leƙo ta taga ya ce, "Inna, alfarma ɗaya. Kada ki gaya mata yanzu, jininta zai hau. Zan nemi wani kafilin, ubangidan da zai tsaya mini, kafin lokaci, in ban samu ba ni zan gaya mata da bakina. Ki ce mata kawai ya gode. Ai ya faɗa, ba ƙarya kika yi ba."

Shekaranjiyar nan ya bugo mini waya nan Gumel, bai samu ba tukuna.

Kwana biyu da saukata na shiga motar Maigatari. Na tarar da Yaya a tsakar gida tana tankaɗe. Ko zamzam ba ta bari na sauke ba ta ce, "Kin ba shi?"

Na ajiye ledar dabino a gabanta na ce, "Ya ce a kawo miki wannan. Ya ce ya gode."

Ta buɗe ledar, ta ga irin dabinon, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ta shiga raba musu bibbiyu tana cewa, "Ku ci, daga ubangidan yaron nan ne. Da ma hankalina bai kwanta da maganar takardar nan ba, amma yau zan yi barci." Sannan ta zaɓi mafi girma ta sa mini a tafin hannu ta ce, "Ke kuwa, Rabi, Allah ya ba ki mai yi miki yadda kika yi mini."

Matan suka ce amin. Ni na riƙe dabinon, na kasa kai shi baki.